Maganaɗisu biyu a cikin Tabita

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Ceto. Salama ta kasance da ku.

Sunana Rahila, a Gawon Nama nake zaune. Wasunku sun san ni da sayar da ƙananan maganaɗisun nan da mata ke kama mayafi da su a maimakon allura. Ƙanana ne kamar ƙwayar magani, amma in biyu suka haɗu, sai da ƙarfi ake raba su. A intanet nake sayarwa.

Ni na koya wa Saratu wannan sana'ar. Ga ta can zaune, ta kuma yarda in faɗi komai. Tare muke a zumuntar mata. Ni na nuna mata inda ake saro kaya, ni na koya mata ɗaukar hoto.

Sai kasuwar intanet ɗin da nake ciki ta fito da dokoki. Dole a zuba maganaɗisun a robar da yaro ba zai iya buɗewa ba, a rubuta gargaɗi a jiki, kada kuma a tallata su a matsayin abin wasan yara. Aka rufe shagona har sai na cika sharuɗɗan. Dole ta sa na zauna na karanta bayaninsu kaf, ina karantawa ina tsaki.

Saratu kuwa babu ruwanta da wata doka, a wayarta take talla. Ta juye su a faranti, ja da kore da ruwan zinariya, kamar alawa. Matan ma'aikata na Arkilla suka koma wurinta, har da waɗanda suka daɗe suna saye a hannuna.

'Yan'uwa, hassada ta cinye ni! In na ga ta sa hoton sababbin kaya, abinci ba ya shiga bakina. In ta ɗaga murya a waƙa, sai in rufe nawa bakin. Ranar da ta zo sujada da sabon leshi, ban ji ko kalma ɗaya ta wa'azin ba. Mijina ya ce, "Maman Dauda, wannan abin zai sa miki ciwo." Na ce masa lafiyata lau.

Wata Alhamis da yamma mun taru koyon waƙa. Saratu ta zo da 'yarta Tabita, wadda ba ta daɗe da fara magana ba. Tana dariya ta ce, "Kun ga wannan? Da safe ta haɗiye mini kaya guda biyu. Ina jira su fito a bayan gida."

Mata suka yi dariya. Ni kuwa na tuna abin da na karanta. In yaro ya haɗiye biyu, suna iya jawo juna ta cikin hanji, su matse shi har ya huje, alhali yaron yana ta wasansa.

Na sani, amma na yi shiru. Zuciyata ta ce, "Ba ita ce gwana ba? Ta gani da idonta." Na ɗauki jakata na fita, na tari keke.

Muna tafe, sai fuskar yarinyar ta tsaya mini a ido. Na sunkuyar da kai na ce, "Yesu, ka ga abin da na zama. Ba ni da ƙarfin son matar nan. Ka cire mini wannan abu, ka ba ni baki in yi magana." Sai kuka ya ƙwace mini.

Mai keken ya waigo ya ce, "Baiwar Allah, lahiya? Mi ya hwaru?"

Na ce, "Malam, don Allah juya."

Na tarar suna shirin tashi. Na kama hannun Saratu na ce, "Ɗauko ta mu tafi asibiti yanzu."

Ta fizge hannunta. "Yaya Rahila, yau kuma ni kike yi wa magana? Ko so kike a ce kayana na kashe yara?"

Ba ta yi ƙarya ba, ta san zuciyata. Na durƙusa a gabanta, a gaban kowa, na ce, "Na yi miki hassada, gaskiya ne. Ki zage ni gobe. Yau dai mu tafi."

Aka ɗauki hoton cikin Tabita. Ga su nan, sun manne da juna, hanji a tsakaninsu. Likita ya ce sai tiyata. Muka zauna a benci, ni da matar da na daɗe ban gaisar ba, hannu cikin hannu muna kiran sunan Ubangiji.

Halleluya! Tabita ta tashi! Ita ce waccan da ke ta jan zanen uwarta.

Ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba: har yau Saratu ta fi ni ciniki. Wani lokaci abin yakan taso mini, sai in kira sunan Yesu, ya sauka. Dā kuwa kwana yake yi.

Masu sayar da irin kayan nan, ku bi dokar, ku ɓoye su daga yara. Wanda kuma yake zaune nan yana jin zafin wani a ransa, ya kai wa Yesu yadda yake, kada ya jira sai ya gyaru. Ni ma ban gyaru ba ya ji ni.

Godiya da ɗaukaka su tabbata ga sunansa. Amin.