Ungulaye Sun Dawo Ruga

"Ba zan karɓa ba, Baba. Mayar da shi jakarka."

A tashar Ɗanbatta ne, ana jiran mota ta cika. Safiyatu mai tallan nono ta tura wa tsoho mai maganin ɓera ƙullin da ya ɗora mata kan faifai.

"Karɓi, na ce. Yanzu na ji kina cewa dila na ɗauke muku 'yan tumaki. Ki barbaɗa a mushe, gobe ki tsince shi a miƙe."

"Maƙwabtanmu sun taɓa barbaɗawa. Dila ya shinshina ya wuce abinsa, ungulaye suka ci suka zube."

"To, ungulu 'yar uwarki ce?"

"Ta fi wasu dangin amfani. In saniya ta ɓace ta faɗi a kwari, su ke kewaya sama su nuna mana wurin. Mushe kuma su share shi kafin cuta ta shiga garke."

"Ai yanzu babu su, 'yar nan."

"Bana biyu sun sauka a kukar rugarmu. Kakata har guɗa ta yi."

Tsohon ya ƙyalƙyale da dariya. "Guɗa don ungulu, sai ka ce amarya! To dilan fa?"

"Yana nan, har ya yi ƙiba." Ta ɗora ƙwaryarta a ka tana murmushi. "Ya ci mana 'yan tumaki uku, har da wanda na raina da hannuna. Daminar nan kaf a bakin garke muka kwana, ga ruwa ga sauro. Asarar da muka yi ke nan don kada guba ta kashe ungulayen, kuma ba mu yi nadama ba."