Ranar da Idi Ya Ɗauki Ɗiyarsa a Gidan Kaso

Salamu alaikum mai karanta mana wasiƙu a rediyo, sannu da aiki. Ni ce Hajara daga Cadawa, malamin lakol, wato makarantar boko, na roƙa ya rubuta mini.

Ɗana Idi yana gidan kaso tun kafin a ba mu mulkin kai, don ya ji wa maƙwabcinmu rauni a faɗan iyakar gona. Yana ciki matarsa Rabi ta haihu. Da can in na kai mishi fura, a bakin ƙofa ake amshewa a sallame ni.

Da Rabi ta yi arba'in, muka goya jaririyar muka tafi, muka tarar da sabon shugaban gardi masu tsaron gidan kason. Na ce, "Ranka shi daɗe, Idi ya yi laifi, amma ɗiyar ga ba ta yi ba." Ya dubi ɗiyar, ya ce, "Inna, ku shigo."

Aka fito da Idi, ya rame, hannuwansa duk ƙazwa. Rabi ta miƙa mishi ɗiyar, ya ja baya ya ce, "Kada in shafa mata." Sai gardin ya kawo sabulunsa da ruwa. Idi ya wanke, ya naɗe hannu da riga, ya amshe ta yana kuka yana dariya.

To, ku ba ni shawara: wane buro, wato ofishin gwamnati, za mu je a bar kowa ya riƙa ganin nasa, a kuma ba 'yan kaso sabulu? Ina gaida matan da na baro a bakin ƙofar nan da ƙwaryar fura. Ku dage, ni ma na daɗe a wurin.