Yoyon Man Shuɗiya

AUTA: Salamu alaikum. Baba? Baba, kana ji na?

BABA: Wa alaikumus salam. Wa ke magana?

AUTA: Ni ce, Auta.

BABA: Autata! Na ji muryar kamar daga cikin rijiya. Kin tashi lafiya?

AUTA: Lafiya lau, Baba. Ina kwana? Ya ƙarfin jiki?

BABA: Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya maigidan naki? Ya yaran?

AUTA: Duk lafiya, suna gaishe ka. Ya idon?

BABA: Ido yana nan inda kika bar shi. Haske nake gani, sai inuwar mutum in ya gifta.

AUTA: Allah ya ƙara sauƙi. Ya su Yaya?

BABA: Yayanki ya fita aiki. Matarsa ta zaunar da ni bakin taga da kofin shayi, ina ta sauraron motoci. Ya aikin asibitin?

AUTA: Aiki da godiya. Na ɗan ɗauki hutu ne.

BABA: Hutu? Lafiya dai?

AUTA: Lafiya ƙalau, kawai dai...

BABA: Tsaya. Yi shiru. Wannan ƙarar kwanon da iska ke kaɗawa, na san ta. Auta, ina kike?

AUTA: Kai, Baba! Kunnenka dai!

BABA: Rumfar gona ce. Kwanon kusurwa ne, wanda ƙusarsa ta fita. Me ya kai ki can?

AUTA: Baba, na ta da Shuɗiya.

BABA: Kin sayi me?

AUTA: Na TA DA Shuɗiya! Taraktarka!

BABA: Ikon Allah. Shekara shida tana kwance. Ta tashi?

AUTA: Ta tashi. Na kawo bakanike, ya sa batir, ya wanke tanki, muka zuba sabon mai. Sai da ta yi tari kamar za ta mutu, sannan ta kama. Amma Baba, baƙin mai take zubarwa ta gaba. Minti biyar in ta yi a kunne, sai ka ga ƙasa ta jiƙe. Ga shi Asabar masu sayen tsohon ƙarfe za su...

BABA: Masu me?

AUTA: Ba komai. Sabis ne.

BABA: Ba sabis ba ne. Faɗa mini.

AUTA: Yaya ne ya ce su zo ran Asabar su ɗauke ta. Ya ce kada a gaya maka, ranka zai ɓaci. Na roƙe shi, ya ce in ta yi huɗa ko kunya ɗaya ce kafin ranar, zai bar mini ita. Baba? Kana nan?

BABA: Ina nan. Ba laifinsa. Shi bai taɓa son warin gas ba tun yana ƙarami. Kin san kusan kullum, in aka zaunar da ni a tagar nan, sai in hau ta? Ina zaune, shayi na hucewa, ni kuwa ina can ina huɗa. In fara daga bakin rafi, in bi kunya ɗaya ɗaya har tsamiya. Wani lokaci har balbelu nake gani suna bin garma. Sai matar Yayanki ta taɓa ni ta ce, "Baba, barci kake?" In ce a'a, saura kunya uku.

AUTA: Wayyo Baba.

BABA: Bar wayyo. Me bakaniken ya ce?

AUTA: Ya ce oyil sil ne, robar nan ta bayan fuli. Ya canza sau biyu. Jiya ya tattara sifanunsa, ya ce injin ne ya gama yayi.

BABA: Shi ne ya gama yayi. Injin a wanke yake?

AUTA: Na wanke shi da kananzir jiya, ya bushe tas.

BABA: Madalla. Kina da hoda?

AUTA: Ƙoda? Ƙodar me kuma?

BABA: Hoda! Ta shafawa!

AUTA: Au! Akwai ta jariri a jakata. Baba, kwalliya za mu yi mata?

BABA: Ai tsohuwa ma tana son kwalliya. Barbaɗa mata a gaban injin, bayan fanka. Daga sama inda murfi ya haɗu da inji, har ƙasa wajen fuli, garen ƙarfen nan da bel ɗin fanka ke zagayawa. Mai ba ya ɓuya a kan farin abu.

AUTA: To, bari in... na barbaɗa. Ta yi fari fat.

BABA: Janye mayafinki daga fanka, ki ɗaure shi a ƙugu. Giya tana furi?

AUTA: Tana furi.

BABA: Ta da ta.

AUTA: Bismillahi. Ka ji ta? Baba! Ka ji?

BABA: Matso da wayar. Ƙara matsowa. Allah sarki. Ita ce. Har da ɗan ɗingishin nan nata a bugu na uku.

AUTA: Me ka ce? Ba na ji!

BABA: Ba da ke nake ba. Ranar da na kawo ta, mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, ta ce ita ba za ta hau abin da ba shi da ƙofa ba. Kwana uku tana leƙen ta daga nesa. A na huɗu na waiwaya, sai ga ta zaune a kan murfin taya, ta riƙe kafaɗata, tana cewa in rage gudu. Gudun da ko akuya za ta wuce mu! An yi yayyafi ranar. Ƙasa tana ƙamshi, inji yana ƙamshin mai mai zafi, ban san wanne ya fi...

AUTA: Baba! Ga shi nan! Ya fito!

BABA: Daga ina? Sama ko ƙasa?

AUTA: Sama fari ne, ko ɗigo babu. Ta bayan fulin yake fitowa, yana fantsama.

BABA: To ba gaskit ɗin murfin sama ba ne. Duba sandar gejin mai. Tana zaune daram?

AUTA: Ta ɗan ɗago. Kullum sai na danna ta, ta sake ɗagowa. Na ɗauka sakwarkwacewa ta yi.

BABA: Yawwa! Kashe ta. Buɗe murfin da ake zuba mai, a hankali.

AUTA: Na kashe. Bari... kai! Ta yi fuuu, kamar an buɗe kwalbar lemo!

BABA: Auta, ba ciwo ne da ita ba. Numfashi ne ta kasa.

AUTA: Halo? Wa ya kasa?

BABA: Numfashi! Inji yana tara iska a cikinsa, kamar mutum. Akwai hanyar da yake fitar da ita. In hanyar ta toshe, iskar sai ta nemi wuri mai laushi ta tura mai waje. Ko roba goma ya canza, haka za ta yi. Ke ba ma'aikaciyar jinya ba ce?

AUTA: To ina hancin nata yake?

BABA: Zagaya hagu, ɓangaren da babu salansa. Sa hannu a gefen injin, ki shafa ƙasa. Za ki ji wani siririn bututu ya lanƙwasa yana kallon ƙasa, kaurinsa kamar babban yatsa.

AUTA: Ban ga... akwai wayoyi... tsaya. Mai ɗan lotsawa a tsakiya?

BABA: Shi ne. Ni na lotsa shi da guduma, shekarar da aka haife ki. Leƙa bakinsa.

AUTA: Sai na kwanta a ƙasa fa. Wash! Baba, a toshe yake. Kamar an liƙe shi da laka.

BABA: Zanzaro.

AUTA: Wa?

BABA: Zanzaro ne ya yi gini a ciki. Shekara shida ba mai korarsa, ai har jikoki ya aurar a nan. Duba akwatin ƙarƙashin kujera, akwai wata waya mai ƙugiya a baki.

AUTA: Akwatin ya cije... ya buɗu. Ga sifana, ga noti, ga wani tsumma. Baba, ga tabaraunka!

BABA: Bar shi nan, ya fi ni amfani a wurin. Kin ga wayar?

AUTA: Na gani. In zura?

BABA: Zura, kina murzawa, kina jawowa waje. Kada ki tura lakar ciki. Kuma kau da fuskarki.

AUTA: Tana zubowa! Kai, kai, kai! Har cikin hannun rigata. Ga wasu busassun tsutsotsi. Tir!

BABA: Ci gaba har wayar ta shige ba tare da ta ci karo da komai ba.

AUTA: Ta shige duka.

BABA: Goge gaban injin da tsumman nan, ki sake barbaɗa hoda. Mayar da murfin mai. Danna geji.

AUTA: Na yi. Baba, in ya sake zuba fa?

BABA: Sai a cire fulin, a duba wuyansa, ko roba ta ci shi ta yi masa zobe. Wannan ma yana da magani. Amma ta da ta tukuna.

AUTA: Ta tashi. Na sa hannu a bakin bututun, iska na fita ɗumi-ɗumi!

BABA: To bar ta ta yi zafi. Zauna. Gaya mini abin da kike gani.

AUTA: Hoda fara.

BABA: Ba nan ba. Waje.

AUTA: Waje? Ciyawa ta cinye gonar, Baba, har ƙugu. Tsamiya tana nan, ta ƙara faɗi. Rafin ban hango ruwansa ba, sai dai layin kore. Hadari yana haɗuwa ta gabas, baƙi a ƙasa, samansa kamar an tara auduga.

BABA: Iska daga ina?

AUTA: Daga wajen rafi.

BABA: To ba zai sauko ba sai la'asar. Haka yake yi, ya tsaya a kan tsamiya yana shawara. Da ni da mahaifiyarki mukan yi musu, ita ta ce zai zuba, ni in ce saura. Kullum ita ke... Auta, kamar ina jin sanyin a fuskata.

AUTA: Fankar ɗakin ce, Baba.

BABA: Wataƙila. Minti nawa yanzu?

AUTA: Ya kai bakwai. Bari in leƙa. Baba! Fari! Ko ɗigo! Gejin ma bai motsa ba!

BABA: Ƙara mata totur, ki sake dubawa.

AUTA: Na ƙara. Babu! Wallahi babu! Baba, kuka kake?

BABA: Shayi ne ya ƙone ni. Garma tana ɗaure a bayanta?

AUTA: Tun shekaranjiya.

BABA: To me kike jira? Hau.

AUTA: Yanzu? Na hau. Kujerar ta yi mini faɗi. Na taka kuloci... giya ta ɗaya... Baba, tana tafiya! Mun fito daga rumfa! Kada ka kashe, zan riƙe wayar a kunne, in riƙa gaya maka duk inda muka kai.

BABA: Da wane hannun za ki sauke garma?

AUTA: Zan iya! Ga mu nan mun nufi bakin...

BABA: A'a. Wannan sitiyarin hannu biyu yake so, yana fizgewa in ya ji ƙasa mai laushi. Ki sa ido a kan abu ɗaya can nesa, kada ki kalli taya. Kunyar farko in ta miƙe, sauran za su bi ta.

AUTA: Baba, tsaya mana, ai tare za mu...

BABA: Na yi nawa, Auta. Ajiye wayar. Ni zan kashe.

AUTA: Baba? Halo? Baba!