Tafin hannun da Hajiya ta ƙi yi wa lalle

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, 'yan'uwana na zumuntarmu ta Lyon. Sunana Rahila, 'yar Maraɗi ce ni. Sau uku na sake rubuta wannan shaida don kada in faɗi abin da ya wuce sanina. Idan na yi kuskure, ku gafarce ni.

Babana ya makance ina shekarar ƙarshe ta karatuna a nan Faransa. Ban tambayi sunan cutar ba, tsoro ya hana ni. Abin da kawai ya zauna mini a rai shi ne: saura ni.

Da na samu aiki a wani labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, a Saint-Fons kusa da nan, kullum ina gaban kwamfuta, sai idona ya fara yaji. Maimakon in je wurin likitan ido, sai na shiga karance-karance. Kun san halinmu, mu masu diplom, 'yan boko! A nan na gamu da lutein, wani sinadari mai launin rawaya da ke cikin ganyaye irin su alayyafo da kuma gwaiduwar ƙwai. Na karanta cewa mai yiwuwa yana taimakawa wajen rage wata lalacewa da ke cin ƙwayoyin jiki a hankali, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, yana iya rage kumburin cikin jiki kuma. Masu binciken sun rubuta "mai yiwuwa". Ni kuwa na karanta "tabbas".

Na sayo ƙwayoyinsa a kwalba. A jikin kwalbar an ce ƙwaya ɗaya a rana. Na mayar da ita biyu, daga baya huɗu, na haɗa da ruwan karas safe da yamma. Ina faɗa da kunya: akwai ranakun da na manta da addu'ar safe, amma ban taɓa manta da kwalbar nan ba.

Bayan wasu watanni, ina cire safar hannu a wurin aiki, na ga tafin hannuna ya yi rawaya. Wayyo! Na ce shawara ce, hantata ta lalace. Ban gaya wa kowa ba. Ko a sujada, lokacin gaisuwa, sai in naɗe hannu cikin mayafi.

Ana nan sai bikin ƙawata ya taso a Montreuil, kusa da Paris. Na ji daɗi, don na samu dabara: zan sa a yi mini jan lalle ya rufe tafin gaba ɗaya. Na shiga jirgi zuwa Paris, na sauka unguwar Château Rouge, wurin wata mai ƙunshi, Hajiya Mariyama, dattijuwa 'yar Damagaram.

Ta kama hannuna ta juya shi, ta daɗe tana kallo.

"Ɗiyata, manja kike sayarwa?"

Matan da ke jiran layi suka fashe da dariya. Na ce, "A'a, Hajiya, ki dai rufe mini shi duka."

Ta jawo ni bakin taga, ta ja fatar idona ƙasa da yatsa. "Idonki fari ne tas. Ni ba likita ba ce, amma masu shawarar da na gani, ido ke fara tona su. Me kike sha?"

Na faɗa mata komai, har da maganar Baba.

"To, shi Baban naki, wace cuta ce ta kama shi?"

Na ce ban sani ba.

"Duk bokon nan, ba ki tambaya ba? Ki tashi. Ni ba na shafa lalle a kan ciwo. Je ki a duba ki, ki dawo in yi miki har ƙafa."

Na fito ina kuka da rana tsaka, mutane na ta wucewa da buhunan shinkafa. A bakin matakalar metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na tsaya na yi addu'ar da na daɗe ban yi irinta ba. Na ce, "Yesu, na gaji da tsaron kaina. Ina tsoron abin da za a faɗa mini. Ka riƙe hannuna mu je tare." Ba zan ce na ji wata murya ba. Amma nauyin ƙirjina ya sauka, har na iya ɗaukar waya na kira Mama, na tambaye ta cutar Baba.

Mama ta ce, "Hawan jinin ido ne. Likita ya ce da an gano da wuri, da an tare shi. Ai na so in gaya miki, ke ce kike canza magana."

Na koma Lyon na yi randebu biyu, wato alƙawarin ganin likitoci. Awon jini ya nuna hantata lafiya lau. Rawayar, in ji likita, daga yawan ƙwayoyin ne da karas, kuma ta washe bayan na daina. Likitan ido kuwa ya tarar da matsin idona na hagu ya ɗan hau. Ya ce an kama shi da wuri, ya ba ni maganin ɗigawa. Na tambaye shi game da lutein. Ya ce yana iya amfanar wasu masu wata cutar ido dabam, amma ba shi ne maganin tawa ba.

'Yan'uwa, kusan shekara guda ina gadin ƙofar da ba ta nan ɓarawon zai shigo ba! Allah kuwa ya aiko mini da taimako ta bakin mai ƙunshi. Haleluya!

Ban ce kowa ya zubar da maganinsa ba, kuma ban ce na warke sarai ba. Zan riƙa zuwa awo, wataƙila har ƙarshen raina. Har yanzu gabana yana faɗuwa a ɗakin jira. Amma yanzu ina zuwa, kuma ba ni kaɗai nake shiga ba.

Na gode wa Ubangiji da ya fisshe ni daga tsoro. Idan akwai tambayar da kake gudu, ɗan'uwa, 'yar'uwa, ka miƙa ta ga Yesu, sa'an nan ka tashi ka je ka yi ta. Ƙannena biyu a Maraɗi sun riga sun je an auna nasu idon. Ku taya ni yabonsa. Amin!