Sun Ɗauki Sale, Sun Bar Ni da Masararsa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, gaisuwa daga Mabai.

Ni na koya wa abokina Sale ƙwallon kwando, a wilin keken da na kafa a matsayin kwando jikin iccen bedi, wato dalbejiya. Da aka tafi hutun wasanni, wata ƙungiyar birni ta zo Ƙanƙara neman sababbin 'yan wasa. A wurin gwaji na jefa ƙwallo ta shiga, Sale ya jefa ta faɗa kwata. Amma shi suka ɗauka, wai ya fi ni tsawo. Wallahi har yau raina suya yake.

Jiya ya bugo waya: "Gajere, ka nome mini masarata mana."

Tsohuwarsa da gonar nan ta dogara. Masu sauraro, in ɗauki fartanya, ko in ce ya aiko tsawon nasa ya nome?

Naku, Bala.