Gyambon da Na Hau Dutse da Shi

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Salamarsa ta sauka a kan kowa da ke zaune a rumfar nan.

Yawancinku kun san ni da Garba mai ɗingishi, wanda ke ɗinkin komar kamun kifi a bakin ruwa nan Lakwaja. Amma ni ba ɗan nan ba ne. A ƙasar Haɗeja aka haife ni, a wani ƙauyen masunta da ruwa ke zagayewa duk damina. Ƙasarmu shimfiɗe take kamar tabarma. Har na yi gemu ban taɓa ganin dutsen da ya fi na niƙa girma ba. In abin da zan faɗa ya tayar wa wani da zuciya, ya yi haƙuri. Ni ma har yau yana tayar mini.

Wata shekara da kaka, ruwa ya fara janyewa daga fadama, muna su a wani tafki, sai na taka kifin nan kurungu. Ƙayarsa ta shige mini a idon sawun hagu. Na ce ba komai, ai masunci ya saba. Na ɗaure da tsumma na koma ruwa.

Kafin wata biyu wurin ya zama gyambo. Kafin shekara ya kai faɗin tafin hannu, gefensa fari, tsakiyarsa kore-kore, mugunya na tsiyaya ba dare ba rana. Ƙudaje suna bi na kamar mushe. In na zauna a dandali, sai kowa ya tuna yana da aiki a gida. Masu zuwa sayen banda daga birnin Haɗeja suka daina taɓa kifin da na kama.

Matata Hajara ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ita ke wanke tsummokin nan da ko kare ba zai shinshina ba. Ran nan ta kawo mini tuwo, na ga ta ja gefen zane ta toshe hanci. Na ɗauki akushin na jefe ta da shi, ya fasa mata goshi. Ta tattara kayanta ta koma gidan iyayenta a Kafin Hausa, kuma da gaskiyarta.

Limamin ƙauyenmu, mutumin kirki, ya yi mini addu'a, ya ce in yi haƙuri kada in bi bokaye. Ban ji ba. Wani boka ya kwaɓa kashin jaki da toka ya cika mini ramin gyambon da shi. Wani ya tsaga kwaɗo da ransa ya ɗaure a kai har ya ruɓe. Wani ya jiƙa mataccen ƙadangare a tukunya kwana uku ya ce in sha. Na toshe hanci na shanye. Ni da hannuna, da bakin nan da nake muku magana da shi.

Na ƙarshensu wani ne a gefen Jahun. Ya dubi ƙafar daga nesa ya ce, “Mutanen ruwa ka taka. Ka bi kogin Haɗeja har kansa, inda yake faɗowa daga dutse. Ka yanka baƙin bunsuru, ka tsoma ƙafar cikin jinin, ka sha ruwan gindin wurin.”

Yayana Habu shi kaɗai ya rage mai shiga ɗakina. Da na gaya masa, sai ya ce, “Garba, wannan maganar banza ce. Amma na san halinka, ko da rarrafe za ka tafi. Ba zan bar ka kai kaɗai ba.” Ya kama bunsurunsa, ya ɗora ni a jaki, muka bi bayan wani ayarin fatake masu kai kanwa kudu. Madugunsu ya yarda, amma da sharaɗin mu riƙa tafiya can baya, inda iska ba za ta kai musu warina ba.

Mun fi kwana ashirin a hanya. Kogin da na sani mai faɗi, mai tafiya a hankali, ya yi ta ƙanƙancewa yana ƙara gudu. Ƙasa ta fara tashi. Muka rabu da fatake a wani ƙauye a gindin duwatsu, muka bar jakin a can, domin mutanen ƙauyen sun ce daga nan ko akuya sai ta yi hankali. Suka nuna mana bakin wani kwazazzabo suka juya.

Yaya Habu ya goya ni, ya ɗaure igiyar bunsurun a ƙugunsa. Dutse ta dama, dutse ta hagu, sama ta zama 'yar siririya kamar zare. Ruwa na gudu a ƙarƙashinmu, duwatsun duk gansakuka, santsi kamar an zuba kuɓewa. Birai suna leƙo mu daga sama suna haushi. Ina jin mugunyar ƙafata tana bin cinyarsa, ta jiƙe masa wando. Sau biyu ya sauke ni, ya juya baya ya yi amai. Ya goge baki ya ce, “Furar safen nan ce ba ta karɓe ni ba.” Na san ba fura ba ce.

Tun hantsi muke jin ƙara kamar aradu mai ƙin ƙarewa. Wajen la'asar muka sha wata kwana, sai ga shi. Ruwa fari fat yana zubowa daga sama, tsayinsa ya yi giginya uku in an ɗora su kan juna, feshinsa na tashi kamar hayaƙi. Na saki baki. Na ce lalle nan waraka take.

Sai iska ta juyo.

'Yan'uwa, ni da nake yawo da ruɓaɓɓiyar ƙafa, warin wurin nan ya fi ƙarfina. Ashe ba mu kaɗai aka taɓa aikowa ba. Mushen awaki da na kaji birjik tsakanin duwatsu, wasu ƙashi, wasu da sauran nama suna motsi da tsutsa. An ɗaure tsummokin miki a kowane reshe, sun bushe da jini. Ungulaye sun ci sun ƙoshi har ba sa iya tashi, sai dai su matsa gefe su ba mu hanya. A gindin dutse akwai wani ɗan kududdufi inda ake yankan, ruwansa baƙi, da kumfa kore a kai. Shi aka ce in sha.

Yaya ya ce, “Garba, don Allah mu koma.” Na ce ya yanka. Ya yanka yana kau da kai. Na tsoma ƙafa cikin jinin, na cika tafi da baƙin ruwan nan na haɗiye. Ruwan ya dawo mini ta baki da hanci. Na ƙara sha.

Kwana uku muka yi a wurin. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, zazzaɓi ya rufe ni. Guzurinmu ya ƙare, Yaya ya jingina ni da dutse da safe, ya ce zai sauka ƙauye ya nemo gari ya dawo kafin yamma.

Da ya tafi na kwance tsumman. Na ga gyambon yana motsi. Tsutsa ce, fal, irin wadda ke cikin mushen da ke gefena. Na dube su na dubi kaina, ban ga bambanci ba. Na ja jiki da gwiwar hannu zuwa bakin babban gurbin da ruwan ke faɗawa, mai zurfin nan. Ba wanka na nufa ba.

Sai na ji murya da Hausa a bayana: “Sannu, ɗana. Wurin nan da santsi. Matso nan mu gaisa.”

Wani tsoho ne, siriri, da sanda da jakar fata. Ya ce sunansa Tanimu. Ya zauna daf da ni, bai toshe hanci ba, bai ɓata fuska ba. Ya miƙa hannu ya ɗauki ƙafar nan ya ɗora a cinyarsa, a kan rigarsa.

Na ce, “Baba, ka bari. Ƙazanta ce.”

Ya ce, “Na kwanta cikin abin da ya fi wannan.”

Ya hura wuta, ya tafasa ruwa daga can saman inda yake gudu, ya zuba gishiri. Yana tsince tsutsar da tsinke ɗaya bayan ɗaya yana ba ni labarinsa. A saman dutsen nan aka haife shi. Mahara suka kama shi yana saurayi, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku. A cikin jirgin bayi ya kwanta a ɗaure da gawa, cikin kashi da aman mutane. Aka tare jirgin aka 'yanta su, aka sauke su a Saliyo, a can ya ji labarin Yesu. Da ya tsufa ya hauro Lakwaja, daga nan ya zo neman danginsa. Kufai kawai ya tarar, yana saukowa ke nan ya gan ni.

Ya danna tsakiyar gyambon, na yi ƙara. Ya ce, “Akwai abu a ciki. Ciji rigarka.” Ya gasa bakin wuƙarsa, ya tsaga, mugunya ta fesa masa har gemu. Ya zaro guntun ƙayar kurungu, baƙi ƙirin, ya ɗora mini a tafin hannu. Ya wanke wurin ya cika da zuma.

Sa'an nan ya ce, “Ka yarda in roƙa maka?” Na ɗaga kai. Ya yi addu'a kamar mai magana da wanda ke zaune tare da mu. Ya ce Yesu ya taɓa waɗanda kowa ke gudu, ya taɓa wannan ma. Da ya gama, ban san sa'ad da bakina ya buɗe ba. Na ce, “Yesu, ban san ka ba. Ni kaina ƙyamar kaina nake yi. In kai ba ka ƙyamata, ga ni.” Na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yaro. Nauyin da ya kai ni bakin ruwan nan ya sauka daga ƙirjina, kuma bai sake dawowa ba. Yabo ga sunansa!

Yaya Habu ya dawo ya tarar da mu haka. Ya ajiye garin, ya ce, “Baba, me za mu yi maka?” Tsohon ya ce, “Ka taya ni fitar da shi daga jujin nan.”

Wata guda Baba Tanimu ya yi da mu a ƙauyen gindin dutse, kullum yana wanke ƙafar, kullum yana koya mini addu'a. Na ga sabon nama ja yana tasowa. Ranar da na taka ƙasa da sanda, ya yi mana sallama ya kama hanyar kudu.

Da muka koma gida na tafi Kafin Hausa, na durƙusa gaban Hajara da mahaifinta. Ta ce ta yafe. Ta riga ta yi wani aure, tabon yana nan a goshinta. Wannan ban iya gyara shi ba. Yaya Habu kuwa yana kan sallarsa har gobe, kuma shi ne ya ce mini, “Je ka nemi tsohon nan. Na ga hankalinka yana wurinsa.” Na iso nan na tarar an binne shi damina guda da ta wuce. Ku da kuka san shi, ku kuka karɓe ni, a hannunku aka yi mini baftisma.

Na gode wa Allah da ya raya ni. Duk wanda ke ganin ya ruɓe har ba mai iya taɓa shi, ya dogara ga Yesu, ya kira shi yadda yake, kada ya jira sai ya wanku.

Abu ɗaya kuma. Tun safe akwai wani bawan Allah zaune a bayan zanar nan, yana jin waƙarmu daga waje. Na san abin da ya hana shi shigowa, domin na ji warin sa'ad da na wuce ta wurinsa. Zan je in kamo hannunsa yanzu. Ku matsa masa wuri a gaba. Amin.