Tsamiyar Rugar Gidaɗo

A Ƙofar Nassarawa, shekarar da mutanen Borno suka kwararo Kano, na ji wani dattijo yana tambayar wani mai jiran mota.

"Malam, wace mota ke zuwa Rugar Gidaɗo, hanyar Wudil?"

"Ruga, Baba? Ai duk hanyar ta zama gini. Can nake zaune tun da yaƙi ya koro mu daga Bama."

"Ni ma daga Borno na dawo, ba shanu. Tsamiyar bakin burtali tana nan? A gindinta muka binne mahaifiyata, ita kaɗai ce alama."



"Baba, tsamiyar ba ta nan, a wurin na gina ɗakin yarana. Ba wanda ya faɗa mini."

"To, ka bar ni in yi mata addu'a a ƙofar ɗakin."